Ku Ƙyale Dodon, Ku Buɗe Akwatin

Makonni ke nan tallan wani sabon wasan intanet yana bin matasan unguwarmu, Rafin Guza ta Kaduna, duk inda suka leƙa a waya, ko Facebook ko TikTok ko YouTube. Jarumi cikin sulke, takobinsa na ci da wuta, ga dodo mai fukafukai yana aman garwashi a kan wani birni. A ƙasa an rubuta cewa kyauta ne, ka yi rajista tun yanzu ka samu tukuici ranar buɗewa. Ko fitowa wasan bai yi ba, amma daga Kawo har gangaren rafi yara sun gama raba muƙamai, wane zai riƙe garkuwa, wane zai yi magani. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba zan yi wa kowa talla a banza ba. Ko na faɗa ma, kafin damina ta zagayo wani ya maye gurbinsa da irin tarkon.

Abin da ya tunzura ni shi ne irin maganar da manya suke yi a kai. A majalisa bayan Magariba zance ɗaya ne: wai akwai sihiri a ciki, akwai aljanu, akwai matsafa. A yi tsaki, a yi a'uziyya, a tashi. Haba jama'a! Mu da muka tashi da tatsuniyar Dodo a bakin kakanni, mu da muke kai baƙi Daura su ga rijiyar Kusugu inda Bayajidda ya sare macijiya, yau zanen dodo ne ya tsone mana ido? Hukuncin wannan na bar wa malamai. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya caca ce, caca tsagwaronta, an naɗe ta cikin wasa an zura a aljihun yaro ɗan shekara 13, mu kuwa muna can muna faɗa da hoto.

Bari in yi wa iyaye bayanin yadda abin yake, tunda yawancinmu iyakarmu mu sayi waya mu miƙa. Irin wannan wasa duniya ce guda da ke zaune a kan kwamfutocin kamfani, dubban mutane suna cikinta lokaci ɗaya, kuma ba ta tsayawa don ka kashe wayarka. Da shigarka za ka zaɓi ko kai wane ne. Akwai mai garkuwa, aikinsa ya tsaya a gaba ya sha dukan dodo don na baya su tsira. Akwai maharbi da matsafi, su ne masu ɓarna daga nesa. Akwai mai magani, shi ke mayar wa 'yan'uwansa jini in ya kusa ƙarewa. Za ka fara da tsumma da guntuwar wuƙa, a riƙa aikenka: kashe kura goma, kai wasiƙa ƙauyen gaba, tsinko ganyen kaza. Kowace aika tana ƙara maka maki, maki su ɗaga ka mataki, mataki ya buɗe maka sabon makami da sabuwar ƙasa. Can gaba sai ka tarar da kogon da mutum ɗaya ba ya shiga, sai an haɗu huɗu ko biyar kowa da sana'arsa. Manyan dodanni kuwa sai runduna. World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004 kuma na baya suka yi ta kwaikwayonsa, yakan tara mutum 40 a kan dodo guda.

Har nan ba ni da ja. Akwai ma abin sha'awa a ciki: yaro ya gane cewa in mai magani ya yi sakaci kowa ya halaka, in mai garkuwa ya gudu an watse. Na san yaran da Turancinsu ya miƙe saboda hira da abokan wasa na wasu ƙasashe.

Daga nan ne ɓarnar take farawa, kuma da lokaci take farawa kafin ta kai ga kuɗi. Wasan yana da aikin kullum, wanda in ba ka yi yau ba ladansa ya wuce. Yana da tukuicin leƙowa, wanda yake ƙaruwa in ka jera kwanaki, ya koma farko in ka tsallake ɗaya. Sannan ga ƙungiya. Ka shiga ƙungiya, shugabanta yana can Jamus ko Turkiyya, ya sa yaƙi ƙarfe takwas na dare. Kai ne mai maganinsu, in ba ka zo ba a kore ka. Yaron da aka yi ta fama da shi ya tashi sallar Isha'i ko ya buɗe littafin WAEC yana cewa "saura kaɗan", ba taurin kai kawai yake yi ba. Mutane ne suka zauna da iliminsu da albashinsu suka tsara yadda tashi zai yi masa wuya.

Sai akwatin. A cikin kowane irin wannan wasa na "kyauta" akwai kanti. Ba a saye da naira a can, sai ka canja kuɗinka zuwa lu'ulu'u ko wasu duwatsu na wasan, don kada ka riƙa jin zafin abin da ke fita. Da duwatsun nan kake jan akwati. Ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Allo ya yi walƙiya, kiɗa ya tashi, akwati ya buɗe: galibi tarkace, jefi-jefi abin kirki, can ba a rasa ba jarumin da kowa ke nema. Ka biya, ka jira sa'a, ka rasa, ka sake biya. 'Yan wala-wala na tasha ma haka suke yi, sai dai su in ɗan sanda ya ɓullo suna naɗe tabarma.

Kwanakin baya na tsaya a rumfar mai cajin waya, janareto na ta ƙugi, wayoyi a jere kan katako kowace da lambarta. Wani ɗan ƙanwata yana tsugune jikin soket, wayar tana caji yana dannawa, don ba zai iya jira ta cika ba. Yana ganina ya miƙe.

"Kawu, don Allah ka taimaka mini da dubu biyu."

"Ta me?"

"Saura ja goma ya fito. Na kai tamanin. In na bari ranar Talata za a cire shi."

Ya nuna mini jarumin da yake nema. Ga agogo a gefen allo yana ƙirga sa'o'in da suka rage. Shi ba shi da katin dala, amma yana da lambar wani a WhatsApp da ake tura wa naira ta wajen mai POS, shi kuma ya zuba maka duwatsu. Na tambaye shi ina ya samu kuɗin tamanin ɗin farko. Ya ce wasu ya tara da wasa, wasu kuɗin tara ne na makaranta. Yaron nan bai taɓa taka shagon caca ba, kuma da za ka ce masa ɗan caca sai ya yi kuka.

Kada a ce ƙari nake yi, ga lissafin da kamfani da kansa ya wallafa. A Genshin Impact, wanda ya fito a 2020 kuma ya zama abin koyi ga masu wannan sana'a, damar samun babban jarumi a ja guda ita ce 6 cikin 1,000. An yi alkawarin ba za ka wuce ja 90 ba ka samu ba, amma ko ka samu, rabi da rabi ne ya zama wanda kake nema. In ba shi ba ne sai ka sake wani zagayen, har zuwa 180. A farashin yau da kullum dala 100 tana ba ka ja 50. Wanda sa'a ta ƙi shi, ya ce da kuɗi zai kai ƙarshe, zai kashe sama da dala 300 a kan hoto ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne tun 2024. Albashin wata shida ke nan. Kuma kamfanin da ke karɓar wannan kuɗi ko kwamfutar wasan bai ajiye a Afirka ba. Yaranmu ta Turai suke shiga, su biya farashin Bature su samu wasa mai sarƙewa, ga data da hukumar NCC ta amince a ƙara wa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Sauran duniya ba barci take yi ba. Caina ta tilasta wa kamfanoni bayyana lissafin sa'ar akwatunan tun 2017, a 2021 kuma ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a uku a mako. Beljiyam ta ce caca ce tun 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar wasan cikin kundin cututtuka a 2019. A Amurka, uwar jari-hujja, hukumar FTC ta sa kamfanin wasan Fortnite ya biya dala miliyan 520 a 2022, a Janairun 2025 kuma ta karɓi dala miliyan 20 daga masu Genshin Impact, ta hana su sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatin sai da yardar iyaye.

Mu fa? Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, an yi ta tafi. To, shago yana da ƙofa da za a sa wa kwaɗo. Wannan a ɗakin yara yake kwana, ƙarƙashin filo. Kuma kada wani ya ce ba mu da iko. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, ashe in an ga dama ana iya taka manya. A Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin caca na jihohi ne, ba na tarayya ba. Wato 'yan majalisarmu da ke zama a Lugard Hall, tafiyar 'yan mintuna daga nan, su ne ke da wuƙa da nama. Me suke jira? Ko sai ɗan wani babba ya kwashe asusun ubansa?

Mu iyaye kuma namu laifin ya fi ciwo, domin mun ga gargaɗi da idonmu. A 2024 gidaje nawa ne uba da uwa da 'ya'ya suka duƙufa danna allo a wasan Hamster Kombat, ana jiran arziki ya faɗo? Da aka raba kuɗin a ƙarshen Satumba kowa ya san abin da ya samu. Wanda ya yi wannan a gaban ɗansa, da wane baki zai ce masa waya ba ta ba da sa'a?

Ba na cewa a ƙwace wayoyi a farfasa. Yaron zai ari ta abokinsa, kai kuma ka rasa sanin halin da yake ciki gaba ɗaya. Ina kira ga wakilan Kaduna ta Arewa su kai ƙudurin da zai kira akwatin nan da sunansa, ya hana sayar wa yara, ya kuma taɓa dillalan da ke karɓar kuɗin tara a hannun 'yan makaranta. Ina kira ga limamanmu, in za a yi huɗuba a kan wasan nan, a bar dodo ya huta a yi maganar kantin. Kai kuma mai karatu, kafin sabon wasan ya buɗe, ka zauna da ɗanka yau da dare ka ce ya nuna maka kantin da ke cikin wanda yake bugawa yanzu. Ka tambaye shi nawa ne ja ɗaya, sau nawa ya ja, a ina ya samu kuɗin. In ka ga akwatin da ake biya kafin a san abin da ke ciki, ka goge wasan a gabansa, ka kuma gaya masa dalili.