Hurricane ɗina a kan jar ƙasar Kano zai tsaya

Makon nan zan ɗan kauce daga maganar labari da waƙa, in taɓo wata sha'awa tawa da mutanen gidanmu ke kira wasan yara: haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, a yi musu fenti, a girka su a kan faifan katako.

Wanda ke gabana yanzu Hawker Hurricane ne na kamfanin Airfix, a ma'aunin 1/72. Wato jirgin da faɗin fikafikansa ya kai ƙafa 40 ya koma kimanin santimita 17, tafin hannu ya ishe shi. Haɗa shi bai ba ni wuya ba: reza, gam, samfefa da haƙuri. Gardamar ta taso ne a kan faifan da zai tsaya. Wani abokina ya ce in shimfiɗa koriyar ciyawa kamar yadda kowa ke yi, tunda an san Hurricane da yaƙin sararin samaniyar Birtaniya na 1940. Na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana.

Dalilina shi ne jirgin nan ya sha ƙurar ƙasarmu. Daga 1940, da hanyar tekun Bahar Rum ta yi wa Ingila haɗari, sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatunan katako zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena a yanzu), su ratsa Darfur zuwa Khartoum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Galibi jirgin Blenheim mai inji biyu ne ke jan ayarin, ƙananan na biye. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. To in ni da ke zaune a Kano na ɗora nawa a kan ciyawar Ingila, wa zai ɗora shi a kan jar ƙasa?

Sai dai zaɓen jar ƙasa na da nasa sharaɗi. Dole jirgin ya zama irin na ƙasashen zafi, mai matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci, wadda ke hana rairayi shiga injin Merlin. In babu ita, faifan ya ƙaryata jirgin. Ga kuma kuskuren da na tafka da hannuna: na ɗauki buroshi na ɗiɗɗiga fentin azurfa tun daga hanci har wutsiya, wai alamar gogewa. Ashe bayan jikin Hurricane yadi ne aka shimfiɗa a kan sanduna, yadi kuwa ba ya nuna ƙarfe in fenti ya ɓare. Dare biyu na yi ina gyara. Gogewar tana wajen murfin inji ne da gindin fiffike inda matuƙi ke takawa, sai baƙin hayaƙi daga bututun inji zuwa baya.

Ita ma ƙasar ba a kwaso ta daga tsakar gida a zuba. A wannan ma'auni, ƙwayar rairayi mai milimita 1 ta zama dutse mai santimita 7. Na daka jar ƙasa, na tankaɗe da rariya har sau uku, na barbaɗa a kan farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa.

Akwai masu cewa wannan sha'awa ƙawata yaƙi ce, kuma ban raina maganarsu ba. Jirgi shi kaɗai yana sheƙi a kan sanda lallai talla ce ga makami. Shi ya sa nake ganin faifan ya fi jirgin nauyi. A nawa akwai gangunan mai uku da leburori biyu suna mirgina ɗaya, kowannensu bai wuce santimita biyu da rabi ba. Mutanen da ke zuwa a kwali duk Turawa ne masu kaki, don haka na kankare musu takalma da hula, na ɗora musu 'yar shara da takarda mai laushi da gam. Na biyun har yanzu hannunsa bai kama gangar ba, sai na sake karya shi a gwiwar hannu.