Rubuta Wasanka Kafin Ka Kwashe Dara

Tun da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga wasan ces a birnin New York cikin watan Afrilu na 2024, ɗalibai da yawa suka kamu da son wannan dara mai gida 64. A makarantar da nake koyarwa a Jos, ko sanyin hunturu ba ya hana su zama bayan an tashi. Sai dai na lura da wata ɗabi'a. Da zarar an cinye yaro, sai ya kwashe 'ya'yan darar ya ce a sake. Ya kai ɗalibi, ina ganin wannan gaggawa ce take hana ka ci gaba, domin wanda aka cinye bai rubuta yadda aka yi ba ya yi asarar wasan, ya kuma yi asarar darasin.

Rubuta wasa ba shi da wuya. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, saboda haka kowane gida yana da sunansa. Idan motsi ya yi kyau a sa masa alamar motsin rai (!), idan kuskure ne a sa alamar tambaya (?).

Ga wani wasa da na gani. Mai farare ya tura dakaren gaban sarki zuwa e4, mai baƙaƙe ya amsa da e5. Mai farare ya fito da sarauniya zuwa h5, abokinsa ya kai doki c6. Daga nan mai farare ya kai giwa, wato ɗan darar da yake tafiya a karkace, zuwa c4. Mai baƙaƙe ya ɗauko ɗaya dokin ya ajiye a f6 don ya kori sarauniya. Nan take sarauniya ta cinye dakaren f7, sarki ya rasa mafita, wasa ya ƙare a motsi na 4. Sau uku aka yi wa yaron nan haka a mako guda, har ya ce ya bar ces ke nan.

Da muka zauna muka rubuta wasan, shi da kansa ya gano inda gizo yake saƙa. Gidan f7 ba shi da mai tsaro sai sarki kaɗai, ga shi sarauniya da giwa duk sun auna shi. Sarki kuma ba zai iya cin sarauniyar ba, don giwa tana kare ta. Da ya tura dakare zuwa g6, da ya tare mata hanya. Mai farare ma bai tsira daga alamar tambaya ba. Fito da sarauniya da wuri ganganci ne, don in aka kore ta sai ta ɓata lokaci tana ja da baya, abokin hamayya kuwa yana ta fito da mayaƙansa. Sauri ya haifi nawa.

Wataƙila ka ce manhajar waya tana nuna kuskure cikin ƙiftawar ido, to mene ne na wahala? Gaskiya ne tana nunawa, amma ba ta san abin da yake ranka ba lokacin da ka ɗaga dokin. A aji na sha ganin haka: ɗalibin da na gyara wa insha'i da jan biro yakan maimaita kuskurensa, wanda ya nemo nasa da kansa kuwa da wuya ya koma. Fara naka sharhin tukuna, sannan ka tambayi waya. Ka kuma sani, a manyan gasanni dokar Hukumar Ces ta Duniya, FIDE, ta wajabta wa ɗan wasa rubuta motsinsa da na abokin karawarsa.

Saboda haka ka ware littafi ɗaya. Bayan kowane wasa, ka duba motsi goma na farko, ka rubuta da jimlolinka abin da ka yi nufi, da abin da abokinka ya shirya maka, da abin da ya kamata ka yi. Yaron da na ba ka labarinsa bai bar ces ba, kuma tun daga ranar ba a sake cin sa ta gidan f7 ba.