Sharhi: Kafin a sake gina masaƙa, wa zai rubuta tarihin ma'aikatan wadda ta mutu?

Tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES a watan Satumban 2023, maganar da ta fi fitowa daga bakin magabata ita ce ƙasa ta riƙa sarrafa abin da take samarwa da kanta. Auduga na cikin wannan lissafi. Mali da Burkina suna sahun gaba a noman auduga a Afirka, amma mafi yawanta ɗanya take barin ƙasa, ta dawo mana a matsayin atamfa da shadda masu tsada. Maƙwabciyarmu Benin kuwa ta riga ta buɗe masaƙu a yankin masana'antu na Glo-Djigbé. Don haka ba abin mamaki ba ne idan matasa a Maradi ko Damagaram suna tambayar yaushe za mu yi tamu.

Amsar da ba kasafai ake ba su ba ita ce: mun taɓa yi. Nijar ta yi masaƙa, ta yi injunan gurzar auduga, ta yi ma'aikatan da suka ci abinci da su shekara da shekaru. Waɗannan mutane suna tsufa, suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka sani game da dalilin mutuwar masana'antar yana tafiya da su kabari.

Abin da muka taɓa mallaka

Saƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa daga marinar Kura yake fitowa. Kusan kowane gida na da mai kaɗi da mazari, kowane babban gari na da masaƙa da marina.

Turawa da suka zo, audugar suke so don masaƙun ƙasashensu. A ɓangaren Ingila, ƙungiyar BCGA da aka kafa a Manchesta a 1902 ta gina injunan gurza a garuruwa irin su Zariya, Funtuwa da Gusau. A ɓangaren Faransa, kamfanin CFDT da aka kafa a 1949 shi ya ɗauki nauyin noman kaɗa na sayarwa, ya shigo Nijar tun kafin samun 'yancin kai. An noma ta a gulbin Maradi, da kwarin Majiya, da yankin Gaya, aka kuma kafa injunan gurza a Maradi da Madawa.

A ƙarshen shekarun 1960 aka buɗe masaƙar NITEX a Yamai. Daga baya ta koma SONITEXTIL, sannan a guguwar sayar da kamfanonin gwamnati ta shekarun 1990 ta faɗa hannun 'yan kasuwar China da sunan ENITEX. Suna uku, masu mallaka daban-daban, ƙarshe kuma kasuwar zane a Nijar ta koma hannun kayan waje. A yau matashin da ke sayen atamfa a babbar kasuwar Maradi da wuya ya iya kawo sunan ɗaya daga cikin ukun.

Darasin Kakuri

Wanda ke son ganin amfanin irin wannan bincike, sai ya leƙa Kaduna. A unguwar Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara da saƙa akoko. Nortex ta biyo baya, sai UNTL a 1964 da jarin 'yan Hong Kong, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa. Garin ya cika da ma'aikata daga kowane lungu na Najeriya. Daga cikin masaƙar Arewa ne Adams Oshiomhole ya taso, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta NLC daga 1999 zuwa 2007, kafin ya zama gwamnan Edo.

KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Amma a can an samu waɗanda suka zauna suka rubuta. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun wallafa littafi a 1998 kan ƙarfin ƙungiyar ƙwadago a masaƙun Najeriya. Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello da Elisha Renne sun bi diddigin tashi da faɗuwar masaƙun Kaduna. Renne ta kuma rubuta littafi kan ma'aikatan KTL da suka mutu ba su karɓi haƙƙinsu na sallama ba, da matan da suka bari da yara.

Wannan aikin na ƙarshe ya nuna cewa tarihin ma'aikata ba nishaɗin malaman jami'a kaɗai ba ne. Jerin sunayen waɗanda suka yi aiki, da shekarun da kowa ya yi, da abin da yake bi bashi, hujja ce da marayu za su iya riƙewa a gaban hukuma ko kotu. Inda babu takarda, haƙƙi kan koma roƙo.

Duk da wannan ƙoƙari, ko a Najeriya ba a daidaita kan alƙaluma ba. Wani ya ce ma'aikatan masaƙu a lokacin ganiyarsu sun kai dubu 100, wani ya ce dubu 250, wani ya haura haka. Idan ƙasar da aka rubuta littattafai a kanta tana cikin wannan ruɗani, ina ga wadda ba a tattara komai ba?

Iyaka ɗaya ta ci masaƙu biyu

Akwai ɓangaren labarin da ya shafe mu kai tsaye, wanda kuma ba shi da daɗin faɗa. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da yadi a shekarun 1970 don kare masaƙunta, sai kasuwar ratse ta bunƙasa a Maradi: kaya su sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su shigo Nijar da takardu, su tsallaka iyaka ta ɓarauniyar hanya. Emmanuel Grégoire ya bayyana wannan harka a littafinsa na 1986 kan alhazan Maradi. Attajirai sun samu, direbobi da 'yan dako sun samu, baitulmalin ƙasa ma ya samu harajinsa.

Sai kuma reshe ya juye da mujiya. Bayan Najeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, atamfar Kaduna da Kano ta yi arha, ta cika kasuwannin Nijar, masaƙar Yamai ta kasa gasa da ita. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ya ɗan sauya lissafin. Daga shekarun 2000 kuwa yadin China ne ya mamaye ko'ina, kuma wani kaso nasa ta hanyoyinmu ya bi zuwa Kantin Kwari a Kano. Iyakar da ta raunana masaƙar Yamai a wani zamani, ita ce ta taimaka wajen kashe na Kaduna a wani.

Ga kuma matsalar wuta. Masaƙa ba ta aiki sai da lantarki mai tsayawa da tururi. Masaƙun Kaduna sun ƙare suna ƙona baƙin mai da dizal da tsada. Nijar kuma ta daɗe tana sayen babban kason wutarta daga Najeriya, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Najeriya ta ware naira biliyan 100 wajen shekarar 2010 don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma Kakuri ba ta koma yadda take ba, domin kuɗi ba su gyara wuta ba, ba su kuma toshe iyaka ba.

Duk wanda zai sa hannu a takardar gina sabuwar masaƙa a Nijar, ya kamata ya san wanne daga cikin waɗannan ne ya fi yi wa tsohuwar illa. Farashin wuta ne? Ƙarancin audugar gida? Fasa-ƙwauri? Tsufan injuna, ko yadda aka tafiyar da ita? Masu amsar suna nan da rai: makanikan da suka san injin da ya fara tsayawa, akawun da ya ga lokacin da ciniki ya fara ja da baya, wakilin sandika da ya zauna teburin tattaunawa.

Ina za a fara?

Takardu na farko suna Yamai: gidan adana tarihi na ƙasa, tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel, jaridar gwamnati da ke ɗauke da dokokin kafa kamfanoni da sayar da su, rajistar asusun CNSS da ke nuna wanda aka yi wa zubi da shekarunsa, da ma'ajiyar ƙungiyar ƙwadago ta USTN. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CELHTO sun daɗe da ƙwarewa wajen naɗar tarihin baka. Abin da ya rage shi ne a juya na'urar zuwa ga ma'aikaci, kamar yadda aka juya ta ga sarakuna da maroƙa.

'Yan uwa mazauna waje suna da rawar da za su taka. Takardun mulkin mallaka na Afirka ta Yamma suna Dakar, wasu kuma a Aix-en-Provence a Faransa. A garin Roubaix, Faransawa sun mayar da wata tsohuwar masaƙar auduga gidan adana takardun ma'aikata da kamfanoni na ƙasa baki ɗaya. A Kaduna akwai Arewa House da reshen gidan adana tarihi na Najeriya. Ɗalibi ɗaya da waya mai kyamara zai iya ɗauko abin da zai wadatar da masu bincike goma a gida.

Mafi daraja dai yana cikin gidajenmu. Katin aiki, takardar albashi, wasiƙar sallama, hoton ma'aikata ranar 1 ga Mayu, duk suna cikin akwatin wani tsoho. A adakar kaka kuma akwai tsofaffin zannuwa, kuma masaƙu kan buga sunansu a gefen zane. Zanen da aka buga don bikin 18 ga Disamba ko wani taro yana ɗauke da shekararsa a jiki. Wanda ya ɗauki hoton gefen zane, ya tambayi mai shi inda ta saya da nawa ta saya, ya riga ya fara bincike.

Sai dai hira da tsofaffi tana da ƙa'ida. A nemi izini kafin a naɗa, a faɗa musu inda maganar za ta je. A rubuta rana da wuri. Tsoho kan tuna zamaninsa da zaƙi, don haka a tambaye shi har abin da ba shi da daɗi: ƙurar auduga da ke cin huhu, ƙarar injin da ke kurmantarwa, aikin dare, yajin aiki da korar da ta biyo baya. A gwada maganar mutum ɗaya da ta wani, a gwada su da takarda. Kada a tsaya kan ma'aikatan cikin masaƙa kaɗai. Manomin Majiya da ya daina shuka kaɗa, matar da ke sayar da abinci a ƙofar kamfani, da masaƙin gargajiya da yadin inji ya kashe wa kasuwa, kowannensu na riƙe da wani yanki na labarin.

Akwai misali a kusa. Masaƙar Faso Fani ta Koudougou a Burkina Faso ta rufe a 2001. Michel Zongo, wanda ya girma a garin, ya koma ya nemo tsofaffin ma'aikatanta, ya fitar da fim a kansu a 2015 wanda aka nuna har a bikin finafinai na Berlin. Bai jira wata ma'aikatar minista ta ba shi umarni ba.

Muna da jami'o'i a Maradi, Damagaram da Tawa, inda ɗalibai ke neman maudu'in kammala karatu kowace shekara. Muna da gidajen rediyo masu zaman kansu da tsofaffi ke saurare kullum. Sanarwa ɗaya da ke kiran duk wanda ya taɓa aiki a masaƙar Yamai ko injin gurza na Maradi da Madawa za ta iya tara sunaye cikin mako guda.

Lokaci ne kawai ba ya wajenmu. Saurayin da ya shiga NITEX yana da shekara 20 a 1970, yau ya haura 70. Injin da ya yi tsatsa ana iya sayen sabo, takardar da gara ta ci wataƙila a samu kwafinta a Dakar. Mutumin da ya tsaya gaban injin shekara ashirin kuwa, in ya tafi ba a samun kwafinsa. Idan akwai irinsa a gidanku ko unguwarku, a wannan makon ya kamata a je a gaishe shi da waya a hannu.