Na'urar Zaɓe Ƙirar Gida: Wa Zai Biya Kuɗin?

Makon jiya, a hanyata ta dawowa daga Kiru, na tsaya sallar la'asar a Kwanar Ɗangora, inda na haɗu da wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a wata sakandare a yankin. Muna cikin hira sai ya ce: "Malam, tunda gwamnati ta fito da manufar fifita kayan gida, me zai hana a wajabta wa INEC sayen na'urorin zaɓe ƙirar Najeriya kaɗai?" Tambayar ta fito daga zuciya mai kishi, shi ya sa na ga ta cancanci amsa a wannan shafi.

Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi. A ranar 2 ga Afrilun 2011, Farfesa Attahiru Jega ya dakatar da zaɓen majalisar tarayya bayan mutane sun riga sun hau layi, saboda takardun sakamako da aka buga a waje ba su iso ba. Ga kuma darajar naira: dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024. Ƙasar da zaɓenta ya dogara ga jirgin sama da dala, 'yancinta da saura.

Amma mu yi lissafi. Najeriya tana da rumfunan zaɓe 176,846. Domin zaɓen 2023, INEC ta ware kimanin naira biliyan 105 don sayen na'urorin BVAS 200,000, wato sama da naira 500,000 kowace ɗaya. A ƙaddara dokar tilas ta ƙara kashi 20 cikin 100 kacal a kan farashin: naira biliyan 21 ke nan. Wannan kuɗi ba daga sama zai faɗo ba. Daga asusun da ake jira ya gyara hanyar da manomin masara na Doguwa ke fito da amfaninsa, ya kuma zuba magani a asibitin karkara, daga nan za a yanko shi.

Me ya sa farashin zai tashi? Domin har yau ba mu da masana'antar da ke ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, ko gilashinta, ko ɓangaren da ke karanta zanen yatsa. Akwai kuza a duwatsun Riruwai, kuma da kuza ake liƙa sassan kayan lantarki, amma tsakanin ramin haƙa da na'urar da ke hannun malamin zaɓe akwai masana'antu da yawa da ba mu gina ba. Abin da za a kira "ƙirar gida" zai zama sassa ne da aka sayo da dala daga Sin, aka harhaɗa a Legas, aka manna musu tuta. Dalar ta fita, ga ladan dillali an ƙara. Idan kuma kamfani ɗaya ko biyu ne kawai suka cika sharaɗin, gasa ta mutu, mai saye ya zama mai roƙo. Ranar zaɓe kuwa ba ta jiran ɗan kwangila.

Akwai tsadar da ta fi ta kuɗi, ita ce ta amana. A ƙasarmu, da wuya a sami babban ɗan kasuwan da ba a jingina shi da wata jam'iyya. Ranar da na'ura ta ƙi karanta yatsan wata tsohuwa a bakin dajin Falgore, ba za a ce batir ne ya mutu ba. Za a tambayi sunan mai kamfanin da sunan ubangidansa. Mutanen yankinmu sun san kuɗin rashin yarda. A ƙarshen 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen ɗan majalisar wakilai na Kiru da Bebeji, aka sake shi a watan Janairun 2020. A 2023 sai da aka yi zaɓen cike giɓi a Tudun Wada da Doguwa ranar 15 ga Afrilu. Kowane maimaici kuɗin jama'a ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ƙasar da aka ƙera na'ura ta jawo.

Ana yawan kafa misali da Indiya, wadda kamfanonin gwamnatinta biyu ke ƙera mata na'urorin zaɓe. Gaskiya ne, amma ta fara gwaji a jihar Kerala a 1982, ba ta game ƙasa da su ba sai 2004. Shekara 22 tana rarrafe kafin ta miƙe. Mu kuwa hukumar NASENI ta nuna samfurin na'urar zaɓe mai aiki da hasken rana tun 2017, amma lokacin da jihar Kaduna ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a 2018, daga Sin ta sayo nata.

Shawarata ita ce a hau tsani daga matakin farko. INEC ta bayyana cewa a gida aka buga takardun zaɓen 2023. A tabbatar da wannan a doka. A bar wa 'yan ƙasa rubuta manhaja, haɗa batir da gyaran na'urori, a buɗe manhajar ga jami'o'i da jam'iyyu su bincika. Samfurin gida kuma a fara jarraba shi a zaɓen ƙananan hukumomi, ko da a mazaɓa biyu ko uku ne, a wallafa farashi da sakamakon gwajin. Wanda ya ci wannan jarrabawa, a ba shi fifiko mai iyaka da wa'adi.

Da na gama bayani, ɗalibin nawa ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, yaushe za mu fara?" Na ce masa wannan ita ce tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa wakilanmu a Abuja, tun kafin kakar zaɓe ta gabato.