Saitunan waya: a gwada manhajar gwamnati a Iddo kafin a biya ɗan kwangila

Duk wanda ya leƙa kasuwar Iddo da ke jihar Legas, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, zai tarar da fatake da dillalai da 'yan dako daga Arewa, kowanne da waya a hannu. Da ita ake tsayar da farashin buhu da abokin ciniki a Dawanau, da ita ake bin sawun direban da ya ɗauko kaya, da ita kuma ake karɓar kuɗi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Haka abin yake a Agege da Idi-Araba da Mile 12. Mutumin da ke riƙe lissafin miliyoyi a ka, ba ya kuskuren ko sisi, shi ne zai miƙa wayarsa ga yaron shagon caji ya ce a taimaka a rufe masa wani abu da ke cinye masa kati.

An saba ɗora laifin wannan a kan rashin karatun boko. Wannan bayani ya yi arha. Akwai daraktoci a sakatariyar tarayya da ke Abuja da ba za su iya nuna inda ake hana wata manhaja ganin lambobin da ke cikin wayarsu ba, sai sun kira mataimaki na musamman. Bambancin shi ne darakta yana da mataimakin da ya rantse zai riƙe amana, ɗan kasuwar Iddo kuwa sai wanda ya samu. Idan ya miƙa wayar, ya miƙa saƙonnin banki da hotunan iyali, wani lokaci har da lambar sirri.

Illar wannan ta fito fili a badaƙalar manhajojin ba da rance. Mutum zai sauke manhaja don ya ranci 'yan dubbai, a tambaye shi cikin Turanci ko ya amince ta duba lambobin da ke wayarsa, ya danna saboda sauri. Ranar da ya makara wajen biya, sai saƙonnin cin mutunci su isa ga surukansa da limamin unguwarsu da ubangidansa a kasuwa. Ga Bahaushen da jarinsa na farko shi ne mutuncinsa a zango, wannan ya fi asarar kuɗin ciwo. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin a Ikeja, a 2023 kuma kamfanin Google ya haramta wa irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan masu waya. Abin lura shi ne, tun kafin samamen, maɓallin janye wannan izini yana nan cikin wayar. An dai binne shi ne a ƙarƙashin shafi huɗu ko biyar, da sunan da mai wayar ba zai taɓa zaton yana da alaƙa da damuwarsa ba. Ba da izini dannawa ɗaya ne, janye shi kuwa sai an yi tafiya.

Doka ta riga ta yi magana a kan wannan. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ce shiru ba amincewa ba ne, akwatin da aka riga aka cike wa mutum ma ba amincewa ba ne, kuma wajibi ne janye izini ya kasance da sauƙi kamar ba da shi. Wannan tanadi na ƙarshe hukunci ne a kan yadda ake tsara shafin saituna, ko da masu tsarawa ba su ɗauke shi haka ba. Hukumar da dokar ta kafa, NDPC, tana da hurumin ƙirga dannawa nawa ake yi kafin a amince da kuma nawa kafin a janye, ta tambayi kamfani dalilin tazarar.

Ana iya sauƙaƙa abin idan an so, kuma an taɓa yi a ƙasar nan. A 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lamba 2442 domin dakatar da saƙonnin talla. Kalma ɗaya ake turawa, kuma lambar ɗaya ce a dukkan layuka. Wanda ya koya sau ɗaya zai koya wa maƙwabcinsa a rumfa cikin minti guda. Kamfanin Apple ma a 2021 ya ɗauko batun bibiyar mai waya don talla daga can cikin saituna, ya mayar da shi tambaya guda da ke bayyana a fuskar waya, da amsa biyu kacal.

Wasu za su ce maganin shi ne fassara. Fassara na da amfani, kuma Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016. Sai dai fassara ba ta gyara ginin da aka karkace tun daga tushe. Idan aka ɗauki kalmar Turanci guda da injiniya ya zaɓa aka musanya ta da kalmar Hausa guda, mai karatu zai tashi daga duhu ya faɗa wani. Kalmar “izini” ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai. “Wannan manhaja tana ganin lambobin mutanenka. A hana ta?” ta fi tsawo, amma dattijo a Agege zai gane ta ko da jikansa ne ya karanta masa. Akwai kuma dubban mutane da ajami ya fi zama musu a ido fiye da boko, da wasu da duk harkarsu ta waya da saƙon murya suke yi. Shafin da zai iya karanta kansa da murya zai yi musu aikin da fassarar rubutu ba za ta yi ba.

Masu sana'ar na da hujjarsu: zaɓuɓɓuka sun yi yawa, dole a jera su wani a ƙarƙashin wani. Gaskiya ne, amma ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba. Launin shafi zai iya zama a can ƙasa. Abin da ya shafi kuɗin mutum, da wanda ke ganin bayanansa, da yadda zai rufe asusunsa idan an sace wayar a cunkoson Oshodi, waɗannan wurinsu shafin farko. Sannan tun da yawancin mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar, ya kamata manhaja ta zo a kulle, mai ita ya buɗe abin da yake so da kansa.

Nan ne maganar ta dawo kan teburin ma'aikacin tarayya. Gwamnati na cikin manyan masu sayen manhaja a Najeriya: ta lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ta fasfo, ta haraji, ta biyan albashi. Kowace ta bi ta hannun wani jami'i da ya rubuta sharuɗɗan kwangila, da kwamitin da ya zauna a ɗaki mai sanyi aka nuna masa ita a babban allo, wanda ya gina ta yana dannawa da kansa. A irin wannan zama komai sauƙi ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ya kuma san inda ba zai taka ba.

Hukumar NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu, za ta iya ƙara sharaɗi guda kafin a biya kason ƙarshe na kowace kwangila. A kai manhajar Iddo ko Agege a kan ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a ba mutum goma da ba su taɓa ganin ta ba, a ce kowa ya sauya harshe, ya sauya lambar sirri, ya janye izinin da ya bayar, ba tare da an taya shi ba. Jami'in da ya raka ta ya zauna gefe da agogo da takarda, ya rubuta inda kowannensu ya tsaya yana juya wayar. A maƙala wannan takarda a fayil ɗin biyan kuɗi, kusa da takardar shaidar kammala aiki.