Sharhi: Ferobskayit ya fita daga ɗakin gwaji, saura jarrabawar zafi da laima

A watan Satumban 2024 ne kamfanin Oxford PV ya sanar da fara sayar da farantan sola masu ɗauke da ferobskayit, abin da ya sake ta da muhawara kan makomar silikon, wanda ya daɗe yana mamaye kasuwar.

Dalilin zumuɗin a bayyane yake. A shekarar 2009, lokacin da Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan suka fara gwada sinadarin, kashi 3.8 cikin 100 kacal na hasken rana yake mayarwa lantarki. Yau ya haura kashi 26. Da aka ɗora shi a kan silikon kuwa, kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 33.9 a 2023, alhali iyakar silikon shi kaɗai wajen kashi 29 ce.

Sai dai gizon yana saƙa ne a wajen shimfiɗawa. Ana narka sinadaran a ruwan haɗi, a ɗiga a kan gilashi, a wulwula shi da sauri har ya bazu, sannan a gasa a zafin da bai cika wuce digiri 150 ba. Silikon kuwa sai zafi ya haura digiri 1,400 yake narkewa. Shimfiɗar da ake samu ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 na kaurin gashin kai ba. Amma wulwulawar ta dace ne da ɗan gilashin da bai fi farce girma ba, kuma a irinsa ake kafa yawancin tarihin da ake shela. A babban faranti, ƙaramin ɓuli ko rashin daidaiton kauri ya isa ya rage ƙarfin, shi ya sa masana'antu suka koma ga shafawa da na'ura ko turara sinadarin a ɗakin da aka zuƙe iskarsa.

Akwai kuma dalma a cikinsa, ga shi laima da zafi suna lalata shi. Masu farantan silikon sukan ba da garantin shekara 25, kuma wannan ne ma'aunin da ya kamata mai saye a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ya riƙe.

Japan, wadda ke bin Chile a samar da aidin, ɗaya daga cikin sinadaran haɗin, ta sa wa kanta burin gigawat 20 nan da 2040.