Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ambaliyar Haɗeja Da Furojet Ɗinmu

Duk shekara da zarar marka ta kankama, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, akwai 'yan'uwanmu ɗalibai da gangar jikinsu ce kawai ke zaune a aji. Hankali yana gida. Ɗan Auyo, ɗan Ringim, 'yar Kafin Hausa, ɗan Guri, kowa da waya a kunne, tambayar kuma ɗaya ce: ina ruwa ya kawo yau? Ni ma daga yankin Haɗeja na fito, na san wannan zullumi. Da yawanmu kuɗin rajista daga buhun shinkafar fadama yake fitowa. Idan kogi ya cinye gonar baba, to ya haɗa da zangon karatunka.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan ambaliya ba baƙuwa ba ce. An san watanta, an san hanyarta. Kuma mu ɗaliban kwalejin fasaha muna da kaso a aikin tarbarta, sai dai mun bar kason namu yana shan ƙura a laburare.

Bari mu fara da yadda ruwan yake zuwa. Kogin Haɗeja haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa ne. Ya bi ta Wudil da Ringim, ya ratsa ƙasar Haɗeja, ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ya haɗu da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. A samansa akwai manyan madatsai biyu: Tiga, da aka kammala a 1974, da Challawa, a 1992. Kafin madatsan nan, kogin kan ƙafe da rani. Bayan su sai ruwa ya riƙa gudana kusan duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka da yashi suka taru a gindinta. Ga ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. To idan aka tafka ruwa kwana da kwanaki, madatsai suka cika suka tumbatsa, kogin da cikinsa ya riga ya cushe ina zai kai ruwan? Gona da gida mana.

Mun ga abin da hakan ke jawowa. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu. A 2022 mamatan sun haura 600, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ranar 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya afka wa Mokwa a Jihar Neja da sanyin asuba, aka rasa sama da mutum 150. Allah Ya jiƙansu. Amma ku lura da bambanci guda. Mutanen Mokwa ruwa ya riske su a kan shimfiɗa. Namu kuwa tafiyayye ne, yana ɗaukar kwanaki daga ƙasar Kano kafin ya iso Auyo ko Haɗeja. Ruwan da ke yi maka sallama tun daga nesa, bai kamata ya same ka da hatsi a rumbun ƙasa da awaki a turke ba.

Wani zai ce ai gwamnati na yin gargaɗi. Gaskiya ne. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, NIHSA kuma na fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Sai dai a ce maka "ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari", me ka ƙaru da shi? Ƙaramar hukuma ɗaya tana da ƙauyuka barkatai, wasu a tudu, wasu a kwari. Abin da mai unguwa yake son ji shi ne: idan ruwa ya kai wuri kaza a jikin gada, wace unguwa ce za ta fara kwashe kaya, ta wace hanya za a bi, a wace makaranta za a sauka? Wannan bayanin ba Abuja ce za ta auna mana shi ba. Sai wanda ya taka garin da ƙafarsa.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Mu 'yan ajin ƙarshe kowa na fama da furojet. Tsakani da Allah, nawa ne daga ciki za su amfani wani bayan an ba da maki? An san yadda ake yi: a ɗauko na wani da ya gama shekara biyar da suka wuce, a sauya suna da shekara, a kai a ɗinke da baƙin bango. Alhali ɗan safiyo zai iya ɗaukar na'urar awon ƙasa ya fitar da taswirar tudu da kwarin gari guda, unguwa unguwa. Ɗan injiniyan gine-gine zai iya ƙirga kwalbatocin garin, ya auna faɗinsu, ya nuna waɗanda suka yi wa ruwa kaɗan da waɗanda shara ta toshe. Sandar awon ruwa a jikin ƙafar gada ba ta wuce fenti da ma'auni da mutum ɗaya mai rubuta lamba safe da yamma ba. Ɗan kwamfuta ya tsara yadda lambar za ta isa wayar dagatai da limamai da Hausa. 'Yan aikin gona su gwada irin shinkafa mai saurin nuna ko mai jure kwanciyar ruwa. 'Yan aikin jarida su mayar da hasashen hukuma saƙon murya na minti ɗaya da tsohuwa za ta gane.

Na san abin da za a ce: haba, ɗalibi ne zai yashe kogi? A'a. Yashe kogi, cire kachala da gina jinga aikin gwamnatin jiha ne da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma akwai asusun kula da muhalli da ake ware wa kuɗi daga asusun tarayya saboda irin wannan. Dole a ci gaba da tambayar inda kuɗin ke shiga. Amma wanda ya je gaban shugaban ƙaramar hukuma da taswira da awo a hannu, ba ɗaya yake da wanda ya je da kuka kawai ba. Mai kuka taliya da tabarma ake ba shi, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi.

Haka kuma ban yarda da masu cewa mutanen bakin kogi su suka so ba, su tashi mana. Su tashi su koma ina? Fadamar nan ita ce shinkafarsu, ita ce kifinsu, ita ce kiwonsu. Wanda bai ba ka wata gonar ba, bai isa ya ce ka bar taka ba. Inda nake ganin laifin jama'a shi ne cikin gari: a yanka fili a kan hanyar ruwa a sayar, a juye bola a magudana, sannan idan ruwa ya shigo ɗaki a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta zuba leda a kwalbati ba.

A 2022 matasan Haɗeja sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga don kada ruwa ya shiga gari. Jarumta ce, ba mai musu. Sai dai aikin da aka yi da fitilar waya cikin dare, da an yi shi a watan Maris, da rana tsaka, da awo, da ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarko.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da abu uku. Na farko, ta zauna da shugabannin sassa a ware wasu batutuwan furojet kan ambaliya a garuruwan da ɗalibai suka fito, a bar 'yan sassa daban daban su yi aiki tare a kan gari guda. Na biyu, duk furojet irin wannan a taƙaita shi da Hausa a shafi biyu, a miƙa wa hakimi da ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha kafin watan Yuni. Na uku, ta nemi hukumar makaranta ta sassauta wa'adin biyan rajista ga ɗalibin da aka tabbatar ambaliya ta ci gonar gidansu, don kada ruwa ya kore shi daga gida ya kuma kore shi daga aji.

'Yan ajin farko, ku ne za ku zaɓi batu nan ba da jimawa ba. Kafin ku karɓi wanda aka miƙo muku, ku kira gida ku tambayi inda ruwa ya tsaya a damina ta ƙarshe. Daga nan furojet ɗinku ya kamata ya fara.